Shekarar da Sule Ya Ɗebi Ruwan Mutum Biyu

Na san abin da 'ya'yan Baffanku Sule suke faɗa a kaina. Ba sa faɗa a gabana, domin an yi musu tarbiyya, amma kunnena bai mutu ba tukuna. Suna cewa ni na kashe wa ubansu kafaɗa. Ku kuma kuna jin haushi kuna tare mini faɗa, har na ji an ce Hadiza ta ɗauke ƙafa daga gidansu tun bikin sunan da aka yi a unguwar Zahir. To, ku zauna ku karanta wannan babi a tsanake kafin ku sake ɗaga wa kowa murya saboda ni.

Sai na koma baya kaɗan. Kafin mu zo Makka na yi shekara shida ina tafinta a kotun majistare a Jos. Aikina in tsaya tsakanin Bature da talaka in juya wa wannan maganar wancan, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai: farin kaftani, hula a karkace, alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Cikin alƙalan da na yi wa aiki akwai wani dogo mai jar fuska da masinjoji suka laƙaba wa Mai Lofe, don lofensa ba ya barin bakinsa sai zai yanke hukunci. Mu a wurinmu Bature Bature ne, duk Ingila muke kai su. Ranar da na yi subutar baki na ce masa "ku mutanen Ingila", sai ya zare lofen ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Malam Adamu," ya ce da Hausarsa mai tsami, "ni ba mutumin Ingila ba ne. Ni mutumin Ailan ne. Abin da suka yi muku jiya, mu tun kakannin kakanni suka yi mana shi."

Na so in tambaye shi to me ya kawo shi yi musu aiki, amma ina son aikina, sai na haɗiye. Daga ranar, in an tashi daga shari'a yana jiran mota, sai ya kira ni baranda ya yi ta ba ni labarin ƙasarsu. Ashe tsibiri ce a gefen Ingila, kuma kafin a danne su suna da shari'arsu ta gargajiya da alƙalansu. Alƙalanci gadon gida ne, kamar yadda ake gadon ƙira ko wanzanci a wurinmu. Mutum zai yi shekaru yana haddace hukunce-hukunce kafin a bar shi ya buɗe baki a gaban jama'a, daga baya aka rubuta su a fatun maruƙa. Ba ɗan sanda, ba gidan yari irin wanda muka sani. In ka yi wa mutum ɓarna, ka biya shi da shanu gwargwadon ɓarnar da gwargwadon darajarsa. In wanda ya zalunce ka ya fi ƙarfinka, ka je ƙofar gidansa ka zauna ka ƙi cin abinci har kunya ta fito da shi. Har ƙudan zuma suna da nasu babi, wai in zumarka tana kiwo a gonar maƙwabci, maƙwabcin yana da rabo a cikin saƙar. A nan na tuntsire da dariya, shi bai yi ba. Ya ce sama da shekara ɗari uku ke nan da aka rushe wannan duka aka kawo shari'ar Ingila, littattafan suna nan a ajiye amma ba mai hukunci da su. Na ji tausayinsa ranar, domin da shari'ar da ta kashe ta kakanninsa yake cin tuwo.

Wata rana aka kawo masa wasu 'yan haƙar kuza biyu, ɗaya ya karya wa ɗayan hannu da ƙotar diga. Mai Lofe ya ɗaure mai laifin wata shida, ni na juya hukuncin da Hausa. Da muka fito sai muka tarar da mai karyayyen hannun zaune a gindin mangwaro, matarsa tana kuka da goyo a baya.

"Ka gani?" in ji Mai Lofe. "Na ɗaure ɗaya zai ci abincin gwamnati. Wannan da aka cuta shi ne zai kwana da yunwa. Da a gaban alƙalanmu na da ne, wanda ya yi raunin shi zai yi jinya. A kai majinyacin gidan da ba hayaniya, a ci da shi, a kawo masa mai magani, a kuma sa wani ya riƙe masa aikinsa har ranar da mai magani ya ce ya warke."

Maganar ta zauna mini a rai, na taho da ita har Makka ban san ina ɗauke da ita ba.

Shekara guda bayan an sauke tutar Ingila na ajiye aiki, na ɗauko mahaifiyarku Rabi da ƙanena Sule, uwa ɗaya uba ɗaya, da amaryarsa Talatu, muka zo aikin Hajji. Da niyyar komawa garinmu Ƙaraye muka zo, Allah ne shaida. Amma jirgi ya tashi muna cewa sai na gaba, na gaba ma ya tashi, har muka wayi gari mun zama mutanen unguwar Jarwal a nan Makka, a ɗakunan kwano da katakon akwati a gefen dutse, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda ba shi da ita ba ya zuwa asibitin hukuma, ba ya kai ƙara, in ya hangi shurɗa, 'yan sandan ƙasar, sai ya canza lungu. Ni na samu inuwa: ina rubuta wa alhazai wasiƙu a kan tabarma, ina yi wa wani mai masaukin alhazai tafinta. Sule bai yi karatu ba, ƙarfi Allah ya ba shi, sai ya shiga garuwa. A lokacin famfo bai shiga yawancin gidajen Makka ba. Kowace unguwa tana da bazan, wato matattarar ruwa mai matakalar dutse, 'yan garuwa su sauka su cika garwa biyu, su rataya a sanda, su saɓa a kafaɗa su bi gidaje. Kowane ɗan garuwa yana da gidajensa da ya saba, kuma su ne gonarsa. In ya yi kwana uku bai zo ba uwar gida ba za ta zauna da ƙishi ba, wani za ta kira, shi ke nan gida ya tafi.

A shekararmu ta uku, cikin watan Shawwal, abin ya faru. Dokar bazan ita ce garwarka ke riƙe maka layi. Ka ajiye ta ka je ka kama ruwa ka dawo, ba mai taɓa ta. Wani Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya girmi Sule da kusan shekara goma kuma ya riga shi sana'ar, ya ga garwar Sule ta daɗe ba mai ita, sai ya ture ta gefe da ƙafa. Sule ya dawo ya tarar. Ku da kuka san Baffanku da furfura da carbi ba za ku yarda ba, amma a ƙuruciyarsa zuciya ce da shi kamar kuturu. Magana ɗaya, biyu, sai ya bangaje Isuhu. Shi kuwa ruwa ne a kafaɗarsa, matakala a jiƙe. Ya gangara har ƙasa, cinyarsa ta dama ta karye, waɗanda ke wurin suka ce sun ji ƙarar ƙashin. Sule da kansa ya goya shi zuwa wurin maɗori yana kuka, amma kuka ba ya haɗa ƙashi.

Kafin La'asar sai ga Bakur a ƙofar ɗakina. Shi ne wan Hajo matar Isuhu, haifaffen Makka, yana da takardar ɗan ƙasa da kanti a Zahir, Hausar ma sai ya haɗa da Larabci take fita.

"Ya ammi, ni ba na son kalam mai yawa," ya ce, ko zama bai yi ba. "Ƙanwata tana da yara uku. Wa zai ci da su? Gobe bayan Azahar ina tafiya shurɗa, kalas."

"Bakur, ai Isuhun ma ba shi da takarda."

"Shi ni zan tsaya masa. Naka wa zai tsaya masa?"

Ba wanda zai tsaya masa, ni da shi duk mun sani. In maganar ta kai shurɗa, Sule zai sha ɗauri, daga nan a kai shi Jidda a jefa a jirgin ruwa, kuma ba zai sake ganin Makka ba. Talatu kuwa tana bayan labule tana jin mu, da cikin wata bakwai. Ni na taho da yaron nan daga gaban tsohuwarmu, na yi mata alkawarin hannuna ba zai rabu da nasa ba. Da kyar na roƙi Bakur ya yarda a zauna gaban dattawa da hantsi kafin ya tafi.

Aka zauna a rumfar Malam Haruna, wani tsohon malami Basakkwace da ya shekara arba'in a Jarwal, wanda duk rigimar Hausawa a gabansa take mutuwa. Aka fara da maganar diyya, ba ta yi nisa ba, domin Sule ba shi da komai sai garwa da sanda, kuma Bakur ya ce ko an tara an bayar, kafin Isuhu ya tashi gidajen da ya yi shekara tara yana kai wa ruwa sun zama na wasu. Aka yi ta ba shi haƙuri, yana duban agogonsa. Rana tana ɗagawa, ina ganin Sule a rakuɓe a bakin rumfa ya sunkuyar da kai. Sai 'yan kuzan nan biyu suka faɗo mini a rai. Na nemi izini na ce ga shawara: a ɗauko Isuhu a kawo shi gidana, cinsa da shansa da maɗorinsa a wuyanmu. Sule kuma ya riƙe masa gidajensa duka, ya kai musu ruwa da sunan Isuhu, abin da aka samu a miƙa wa Hajo, har ranar da maɗori ya ce ƙafa ta warke. Ni na tsaya lamuni. In Sule ya yi fashin kwana ɗaya, Bakur ya tafi shurɗa, ba mai riƙe shi.

Bakur ya daina duban agogo. Malam Haruna ya shafa gemu ya dube ni.

"Wagga magana ta yi kyau, Malam Adamu. A wane littahi ka gane ta?"

Ga inda na yi wautar farko. Da na ce, "Allah gafarta Malam, tunani ne kawai," da an shafa fatiha an tashi. Amma tafintan nan mai alƙalami biyu bai mutu a cikina ba. Na gyara zama na fara zuba: Ailan, Mai Lofe, fatun maruƙa, har ƙudan zuman ban bari ba. Ban ankara ba sai na ga fuskoki sun sauya. Wani Alhaji Ɗanjuma mai sayar da tsire, wanda bai taɓa ƙaunata ba, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, kuna ji? Nan da Ka'aba ba nisa, a kawo mana hukuncin Nasara!"

Aka kaure da surutu, har Bakur ya fara tattara rigarsa. Malam Haruna ne ya cece mu, Allah ya haskaka kabarinsa. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku saurara! Sulhu muka yi, ba hukunci ba, kuma sulhu halal na in bai halatta haram ba. Jinyar wanda ka cuta, mi a haram ciki? In Nasara sun san haka, to Allah ya sanasshe su." Sannan ya juyo kaina. "Kai kau, Malam Adamu, ka koyi yin shiru in ka ci nasara."

Aka shafa fatiha. Amma sunan ya bi ni. Alƙalin Nasara, haka aka riƙa kirana a Jarwal, wasu da wasa, wasu da gaske. Masu kawo mini rubutun wasiƙa suka ragu na ɗan lokaci, kuma na fi shekara goma ba a sake kirana tabarmar dattawa ba. Abin ya yi mini ciwo sosai, na daɗe ina ganin ni ne na fi kowa asara a wannan sulhu. Ku riƙe wannan, don ku san irin makantar da mutum yake yi in ya cika kallon kansa.

A hanyar komawa, da muka kai bakin lungunmu, Sule ya juyo ya dube ni.

"Yaya, gidan Isuhu nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Nawa goma sha ɗaya. Ga Hajji na tahowa." Sannan ya ce, "Bara hukuma ta 'yanta bayi a ƙasar nan. Ashe saura ɗaya."

Na ce masa ya gode wa Allah ba jirgi zai hau ba. Gaskiya na faɗa, amma da taurin zuciya na faɗe ta.

Aka kawo Isuhu a kan ƙyauren ƙofa, mutum huɗu suna ɗauke da shi. Ɗaki biyu gare mu, muka ba shi na gaba, mahaifiyarku da Hadiza, tana 'yar shekara biyu, da Sani yana goye suka cushe a na ƙurya. Ni kuwa na tsaya a tsakar gida ina shimfiɗa dokoki kamar yadda Mai Lofe ya lissafa mini: ba faɗa a gidan majinyaci, ba ihun yara, ba mai shigo masa da labarin tashin hankali. Mahaifiyarku tana tankaɗe, ta saurare ni har na gama.

"Malam," ta ce, "a dokar Turawan naka, wa ke hura wutar?"

Ita ta hura ta. Wata huɗu da 'yan kwanaki tana dafa wa Isuhu romon ƙashi da kunun gyaɗa, tana wanke tsummokaran ɗori, tana toshe wa Hadiza baki in ta fara waƙa. Hajo takan zo da safe ta gyara mijinta ta koma wurin yaranta. Da farko matan biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi, amma kafin wata ya ƙare sai na riƙa jiyo su suna ƙus-ƙus suna dariya, kuma na tabbata da ni ake. Ni aikina hira. In na dawo daga wurin wasiƙu sai in zauna gefen Isuhu in ba shi labarin Jos, ya ba ni na Maraɗi, in fito ina jin na sauke nauyi. Mutumin kirki ne mai sanyin hali, kunyar zaman ma ta fi ciwon damunsa.

Sule kuwa tun kafin a kira Asuba yake bazan, ba ya ajiye sanda sai Magariba. Ku tuna gidajen Makka na da, hawa huɗu, hawa biyar, matakala ƙunci, randuna kuma a can sama. Da Zulƙida ta shiga alhazai suka cika gidajen har kan soraye, gidan da ke shan garwa huɗu ya koma neman goma sha biyu, ga zafin shekarar kamar a bakin maƙera. Kantar kafaɗarsa ta dama ta fashe ta zama gyambo. Talatu ta riƙa naɗa masa tsumma da man zaitun, ya koma ta hagu, ita ma ta ɗaye, ya dawo ta dama. Ranar da duniya ta tafi Arfa ta kwana Muzdalifa, gari ya zama wayam, Sule ya yi kwana biyu a kwance ko juyi ba ya yi, sai da mahaifiyarku ta sa hannu a hancinsa. Cikin wannan hali Talatu ta haifi Musa. Ranar suna uban jariri ya shigo da sanda a kafaɗa, ya tsaya aka yi addu'a, ya fice, don akwai gida shida da ke jiransa.

Kullum da yamma yakan tsaya a ƙofar ɗakin Isuhu ya ce gidan wane an kai, gidan wance an kai, ya juya. Isuhu ne ya fara jan sa da magana, ya ce tsohuwar gidan kaza kada a cika mata randa har baki, faɗa take, mai gidan kaza kuma a yi gyaran murya tun daga hawa na biyu saboda matansa. A hankali Sule ya fara shiga yana zama. Wata rana na tarar Isuhu yana shafa masa man zafi a wuya, mai karyayyar ƙafa yana jinyar wanda ya karya shi. Da Sule ya fita sai Isuhu ya kira ni.

"Malam, ya isa hakanan. Yaron ga zai mutu. Ni na yahe mishi, wallahi na yahe. A raba gidajen, a ba wani rabi."

Na ce a'a. Na ce sharaɗi sai maɗori ya ce ƙafa ta warke, kuma Bakur yana zuba ido, in aka saki gida ɗaya zai ce an karya alkawari. Akwai gaskiya a ciki, don Bakur yakan aiko a tambayi gidajen. Amma akwai kuma son a ce hukuncin Malam Adamu ya tafi daidai ba a rage masa ko ɗigo ba.

A cikin watan Safar maɗori ya kwance ɗori na ƙarshe. Ya sa Isuhu ya taka har bazan, ya cika garwa biyu ya hau matakala da su, jama'a suna kallo. Ya hau yana ɗingishi, ɗingishin da ya mutu da shi, amma ya hau. Gidajensa goma sha huɗu suna nan, ko ɗaya bai tafi ba. Bakur ya zo har gida ya sumbaci kaina, ya ce magana ta mutu. Sule bai hau jirgi ba. A Makka ya haifi 'ya'yansa bakwai, a Makka aka binne shi. Amma kafaɗarsa ta dama ta sauka ba ta ƙara komawa daidai ba, hannun ya riƙa sanyi, kafin shekara biyu ya bar garuwa ya koma sayar da shayi. Tsakanina da shi kuma sai gaisuwa. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, Yaya yake ce mini har ya mutu, amma bai sake zama ya ci abinci a kwano ɗaya da ni ba. Na yi shekaru ina ce wa mahaifiyarku yaron nan butulu ne, na cece shi daga jirgi yana ɗaure mini fuska. Ita kuwa sai ta dube ni kawai ta ci gaba da abin da take yi.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya muku ba, ban kuma gaya wa dattawa a rumfar Malam Haruna ba, duk surutun da na yi ranar. Bayanin Mai Lofe bai tsaya inda na tsayar da shi ba. Ya ce mini a shari'ar tasu laifin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba. In abin ya fi ƙarfin mai laifi, kan danginsa yake komawa, na kusa kafin na nesa. Na san wannan sarai lokacin da nake tsara sharaɗi. Na ɗora jinya a kan mahaifiyarku, na ɗora ruwa a kan Sule, na ɗora wa kaina lamuni, wanda ba ya fasa kafaɗa. Shekarata talatin da biyar a lokacin, lafiyata ƙalau. Da na karɓi gida biyar kacal, ko da da yamma ne bayan na naɗe tabarmar wasiƙu, da Sule ya tsira da hannunsa. Abin da ya hana ni bai wuce kada alhazan da ke kirana Malam su gan ni da garwa ba. Wata huɗu, ko garwa ɗaya ban ɗauka ba.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu na iya buɗe baki. Mun haɗu a sahu ɗaya a Harami ranar wata Juma'a, yana damana. Da liman ya yi kabbara na ga hannunsa na hagu ya tashi har kunne, na dama ya tsaya a ƙirji yana rawa. Ban san abin da aka karanta a sallar nan ba. Da aka sallame na riƙe masa riga, na zayyana masa komai, da abin da Baturen ya faɗa da yadda na yanke rabin na ɓoye. Ina magana hawaye yana zuba a gemuna, mutane suna tsallake mu. Ya saurare ni har ƙarshe, yana jan carbinsa da hannun hagu.

"Yaya," ya ce, "wannan ai ba sai an je ƙasar Turawa ba. A Ƙaraye ma haka ake yi. Kullum in na fito bazan sai na duba bakin lungu, ina cewa yau zan ga Yaya ya taho da sanda."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar da aka haifi Musa a Makka ba a bayan idonsa ba, kuma in ba don ni ba da hakan bai yiwu ba, wannan bai taɓa mantawa ba. Sannan ya miƙo mini hannun damar, na sa hannu biyu na ɗago shi daga ƙasa, don shi kaɗai ba ya iya dogara da shi.

Saboda haka in 'ya'yansa sun ce ni na kashe wa ubansu kafaɗa, kada wanda ya yi musu gardama. Hadiza, ki shirya ki je gidan Musa ki gaishe su. In sun tayar da maganar, ki ce babanki ya ce haka ne.